Ɓerayen da Suka Ƙi Haihuwa: Nazarin Wani Ɗakin Kiwo a Kano

## Wurin da ɓerayen

A wata babbar makaranta cikin birnin Kano akwai ɗan wurin kiwon dabbobin gwaji, ɗaki biyu da baranda a bayan ginin ɗakunan gwaje-gwaje. Yawancin abin da ake kiwo a ciki fararen ɓeraye ne masu jan ido, irin waɗanda ɗalibai ke saya don gwada tsimin ganye ko sassaƙe. Waɗannan ba su da wuyar sha'ani. A ba su abincin kaji, a shimfiɗa musu garin katako daga 'Yan Katako na Na'ibawa, su yi ta haihuwa. Mai kula da wurin wani dattijo ne da ya daɗe a kan aikin. Bai yi karatu mai zurfi ba, amma yana da littafi mai bangon kwali inda yake rubuta ranar da aka haɗa kowane keji, da ranar haihuwa, da yawan 'ya'ya.

Wata ɗaliba mai neman digiri na uku ta zo da bincike kan ciwon suga da ke biyo bayan ƙiba. Aikin nata yana buƙatar baƙaƙen ɓerayen nan da ake kira C57BL/6. Tun 1921 ake barbarar wannan iri tsakanin wa da ƙanwa, har gadonsu ya koma kusan ɗaya, kuma an san su da saurin ƙiba da hawan suga idan aka ɗora su kan abinci mai maiƙo. Tana buƙatar maza 60 masu kusan kwanaki ɗaya. Sayen 60 daga ƙasar waje ya fi ƙarfin aljihunta, don haka shawarar da aka yanke ita ce a samo kaɗan a hayayyafa su a nan.

Wani abokin malamin da ke duba aikinta ya ba da kyautar maza 2 da mata 6. Shi ma wani ne ya ba shi irin, wanda ya zo da shi daga wani ɗakin bincike a ƙetare. Takardar da ke manne a jikin akwatin sunan iri kawai ta ɗauka.

## Oktoba zuwa Janairu: komai lafiya

Ɓerayen sun iso a farkon Oktoba. Aka ba kowane namiji mata uku. Cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne, kuma duka matan shida sun haihu a Nuwamba, suka sake a Disamba. An yaye 'ya'ya 71, maza 36, mata 35. Dattijon ne ya rarrabe su yadda aka saba: tazarar da ke tsakanin dubura da al'aura ta fi tsawo a namiji, sannan wajen kwana goma da haihuwa ana ganin kan nono a cikin mace, shi kuwa namijin ɓera ba shi da su sam. Babu ɗaya da ya kawo shakku.

## Fabrairu da Maris: keji 17 shiru

A tsakiyar Fabrairu aka haɗa keji 24 daga cikin sababbin, namiji ɗaya mace ɗaya, duk sun kai mako takwas ko fiye. Zuwa ƙarshen Maris keji 7 ne kaɗai suka haihu. Sauran 17 ko ɗa ɗaya.

Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne barbara tana faruwa. Idan namijin ɓera ya sadu da mace yakan bar wani farin daskararren toshi a gabanta, wanda ake iya gani da sassafe kafin ya faɗi. Dattijon ya ga wannan toshi a yawancin kejin da ba su haihu ba, ya kuma rubuta. Wasu matan ma sun ɗan yi nauyi, suna tara garin katako a lungu ɗaya, ya rubuta musu "ta ɗauka". Bayan kwana goma sha wani abu sai a ga sun koma yadda suke, namiji ya sake binsu.

Zato na farko da ya zo shi ne uwayen suna haihuwa cikin dare su cinye 'ya'yan, domin wannan iri yakan yi haka a haihuwar fari idan an dame shi. Aka lulluɓe kejin, aka hana shiga da fita, ba a ga jini ko saura ba. Zato na biyu ya faɗa kan dattijon. Wasu suka ce ido ne ya fara gaza masa, ya haɗa namiji da namiji ko mace da mace. Aka ɗaga kowane ɓera ta wutsiya a gabansa aka duba, babu kuskure ko ɗaya. Akwai kuma waɗanda suka riƙa raɗa cewa yana kwashe jariran ya sayar wa wasu ɗalibai. Maganar ta je kunnensa. Abin da ya ce wa ɗalibar kawai shi ne, "Malama, ki sa kwaɗo a ɗakin ki riƙe makullin. In sun haihu a hannunki, ni ne." Ta ce, "Haba Baba, ni ban zarge ka ba." Duk da haka ya matsa sai da ta karɓi makullin na mako uku. Ba a samu ƙarin haihuwa ba.

## Afrilu da Mayu: zafi, sannan abinci

Bazara ta kama. A Kano zafin rana a Afrilu yakan taɓa digiri 40, ma'aunin da aka rataye a ɗakin kuwa yana nuna 35 zuwa 36 da la'asar, ga yawan ɗauke wuta. Abin da ka'idar kiwon ɓeran gwaji ta tanada 20 zuwa 26 ne. Zafi yana lalata ƙwayoyin maniyyi, yana kuma zubar da ƙaramin ciki, saboda haka babu wanda ya yi musu da aka ce zafi ne.

An mayar da baƙaƙen ɗakin ciki wanda rana ba ta dukan bangonsa. An sa fanka mai aiki da sola, an rataye jiƙaƙƙun buhuna a taga, daga baya aka samu aron ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki. Ma'auni ya sauko zuwa 25 ko 27. Da yake ƙwayar maniyyin ɓera tana ɗaukar kusan kwana 35 kafin ta nuna, aka ba su mako shida. A keji bakwai masu haihuwa an ga amfani a fili: mutuwar jarirai ta ragu, uwar da ke yaye huɗu ta koma yaye shida ko bakwai. Keji 17 suna nan yadda suke.

Sai aka koma kan abinci. Masara da tunkuzar da ke cikin abincin kaji sukan ɗauki gubar funfuna idan ajiya ta yi ɗumi, kuma buhun da ake amfani da shi ya kwana biyu a sito. Aka zubar, aka sayo sabo, aka ƙara bitamin E a ruwan sha. Wata guda ya wuce ba labari. Ya kamata a lura cewa abinci ɗaya da ruwa ɗaya duka kejin ke ci, masu haihuwa da marasa haihuwa, a kan kanta ɗaya.

## Yuni da Yuli: musayar maza da mata

Shawarar da ta fara buɗe hanya daga dattijon ta fito. Ya ce tun da dai ba a san ko daga namijin ne ko daga macen ba, a raba su a gwada kowa da wanda aka tabbatar yana haihuwa. Mata 17 ɗin aka rarraba wa maza bakwai da suka riga suka ba da ciki. Maza 17 ɗin kuma kowanne aka ba shi fararen mata biyu daga ɗakin waje, tun da su suna da arha kuma ba sa ƙin ɗauka, da sharaɗin 'ya'yan da za a samu ba za su shiga cikin baƙaƙen ba.

Zuwa ƙarshen Yuli sakamako ya fito. A mata 17, shida sun haihu, 11 ba su haihu ba. A maza 17, biyar sun ba da ciki, 12 ba su ba da ba, alhali dukansu sun yi barbara sun bar toshi. Idan aka haɗa da keji bakwai na farko, lissafin ya zama haka: maza 24, rabi suna haihuwa rabi ba sa yi, mata 24, 13 suna haihuwa, 11 juyoyi ne. Wannan ya kuma warware zancen "ta ɗauka". Macen ɓera idan ta sadu da namijin da ba shi da ƙwayar haihuwa, jikinta yakan shiga cikin ƙarya na kwana 10 zuwa 12, sannan ya koma.

Dattijon ya ƙara da wani abu da ya ce ya daɗe yana ji a hannunsa. Idan ya riƙe namiji ya shafa mararsa da babban yatsa, wasu 'ya'yan marainansu cike suke, wasu kuwa da ƙyar ake jin su. Aka kashe shida daga marasa haihuwa da uku daga masu haihuwa bisa ka'ida, aka buɗe. A masu haihuwa kowane ɗan maraina ya auna miligiram 95 zuwa 105. A marasa haihuwa 20 zuwa 25. Sauran kayan namiji duk daidai suke, girma da kama. Da aka tsaga bututun da maniyyi ke taruwa aka duba a madubin ƙara girma, ba a ga ƙwaya ko ɗaya ba. Da aka yanka ɗan marainan siriri aka rina, ƙananan bututun da ke cikinsa fayau suke, sai ƙwayoyin renon maniyyi da ke jikin bango, babu abin da suke reno. Juyoyin mata uku da aka buɗe suna da mahaifa lafiyayya, amma jakar ƙwansu ta tsuke, ƙwai kaɗan ne ya rage a ciki.

Zafi ba ya zaɓar rabin maza ya bar rabi a kanta ɗaya. Daga nan malamin ya yarda a duba gado.

## Agusta: ƙirga kuromosom da gwajin Sry

Ɓera yana da kuromosom 40, wato ƙunshin gadon da ke cikin kowace ƙwayar halittar jikinsa, biyu-biyu har 19, sai biyun jinsi, XX a mace, XY a namiji. An san ɓera mai XXY namiji ne marar haihuwa, kuma ƙirga za ta nuna 41. Mai X guda ɗaya tilo mace ce, ƙirgarta 39. Tun 1959 aka gano irin wannan macen a Amurka, kuma ita ce ta fara nuna cewa a ɓera zuwan Y ne ke sa namiji, ba yawan X ba. Aka ɗebo ɓargon ƙashin cinya, aka tsayar da ƙwayoyin halittar a tsakiyar rabuwa, aka kumbura su da ruwan gishirin fotasiyam, aka ɗiga a gilashi aka rina. Kowane ɓera 40 ya bayar. Wannan ya kawar da zancen ƙari ko ragi, amma bai faɗi wane ne X wane ne Y ba. Kuromosom ɗin ɓera duk siffa ɗaya gare su, tsawo ne kawai ya bambanta, Y kuma yana sajewa da ƙananan cikinsu idan rinin na gama-gari ne.

Sai aka tafi gwajin PCR, wanda ke neman wani yanki na DNA ya ninka shi har a gan shi. Abin da malamin ya zaɓa a nema shi ne Sry, kuma yana da hujja. A 1990 aka gano wannan ƙwayar gado a kan Y, a mutum da ɓera. A 1991 Peter Koopman da Robin Lovell-Badge da abokan aikinsu a Landan suka ɗauki guntun DNA mai ɗauke da Sry kaɗai suka dasa a ƙwan ɓera mai XX, aka haifi namiji mai cikakkiyar siffa, yana barbara, amma ba ya haihuwa. Aikin Sry na ɗan lokaci ne. Har kwana goma da shigar ciki, abin da zai zama maraina ko jakar ƙwai iri ɗaya ne a kowane ɗan tayi. Daga kwana 10 da rabi zuwa 12 da rabi Sry yake tashi, ya tayar da wata ƙwayar gado mai suna Sox9, ita kuma ta gina maraina, marainan ya fitar da sinadaran da ke tsara sauran jiki. In Sry bai zo ba, ko ya makara da 'yan sa'o'i, wasu ƙwayoyin gado, su Wnt4 da Rspo1 da Foxl2, sai su ja abin ya zama jakar ƙwai. Duk wannan a cikin mahaifa yake ƙarewa. Babu ɓeran da aka haifa mace ya wayi gari namiji.

An yanko ɗan kunne daga ɓeraye 24: maza masu haihuwa 6, maza marasa haihuwa 6, mata masu haihuwa 6, juyoyi 6. Aka kai wani ɗakin gwaji a cikin gari. Duk maza 12 sun nuna Sry. Duk mata 12 ba su nuna ba. An karanta sakamakon da cewa maza XY ne, mata XX ne, ke nan matsalar ba ta jinsi ba ce. Kuɗin da ɗalibar ta ware don abinci mai maiƙo ya riga ya tafi a kan gwajin, ta fara tunanin komawa kan fararen ɓeraye ta sake fasalin aikin gaba ɗaya.

## Satumba da Oktoba: alama ta biyu

Wata malama mai koyar da ilimin gado a wani sashe ta ga alƙaluman a taron gabatar da ci gaban aiki. Ba hoton PCR ɗin ne ya ja hankalinta ba, littafin dattijon ne. Rabin maza, rabin mata, sannan keji 7 cikin 24, kusan ɗaya bisa huɗu. Ta ce wannan kamannin abubuwa biyu ne da ake gado daga uba, kowanne yana tafiya hanyarsa ba ruwansa da ɗayan.

Suka zauna suka bi sanannun hanyoyin da jinsin ɓera ke saɓa wa kuromosom ɗinsa. Akwai wanda Bruce Cattanach ya bayyana a Ingila a 1971, ake kira Sxr, inda guntun Y mai ɗauke da Sry ke tsallakawa kan X wajen yin maniyyi, a haifi maza masu XX. Amma a wannan hali maza kan zama uku cikin huɗu na 'ya'ya, kuma matan lafiyarsu ƙalau. A nan kuwa 36 da 35 aka samu. Akwai wanda Eva Eicher ta gano a Amurka a 1982, lokacin da ta shigar da Y na ɓeran gida daga kwarin Poschiavo na ƙasar Suwizalan cikin irin C57BL/6. Sry na wancan Y ɗin ba ya tashi da ƙarfi a kan kari a jikin wannan iri, sai masu XY su fito mata ko mata-maza, da gaɓa ɗaya mai haɗe da naman maraina da na jakar ƙwai. Wannan da mata za su rinjaya, kuma a duk waɗanda aka buɗe ba a ga irin wannan gaɓa ba.

Saura na uku, wanda mutum ne ya haɗa shi da gangan. A 1990 Lovell-Badge da Elizabeth Robertson suka samu ɓeraye masu Y wanda Sry ya gutsure daga jikinsa, masu XY ɗinsu mata ne. Daga baya aka dasa musu Sry a wani kuromosom dabam, wanda aka tabbatar na 3 ne. Namijin da ke ɗauke da gutsurarren Y da dasasshen Sry yana haihuwa lafiya, kuma a ido ba shi da bambanci da kowane namiji. Amma idan ya sadu da mace XX, kowane ɗa zai iya gadar Y ko X, kuma zai iya gadar dashen ko ya rasa shi. Ke nan gida huɗu daidai wa daida: mace XX, mace XY, namiji XX, namiji XY. Paul Burgoyne da Arthur Arnold da abokan aikinsu sun yaɗa wannan iri tun 2002 don a iya raba tasirin kuromosom da tasirin sinadaran jinsi a bincike.

In haka ne, gwajin Agusta ba ƙarya ya yi ba, tambayar ce ba ta kai ba. Neman Y ta hanyar Sry a irin waɗannan ɓeraye kamar duba takalmi ne a ƙofar zaure don sanin ko maigida yana ciki, alhali an ɗauke takalmin an ajiye a wata ƙofar. Malamar ta ce a nemi Ssty, wata ƙwayar gado mai kwafi da yawa a dogon hannun Y, wadda ba ta bar wurinta ba. Firaimomin da aka yi oda, wato guntayen DNA da gwajin PCR ke amfani da su wajen neman Ssty, sun ɗauki mako biyar kafin su iso. An yi sa'a DNA ɗin Agusta yana nan a firiza.

A tsakiyar Oktoba aka sake gwada samfuri 24 ɗin nan. Maza shida masu haihuwa suna da Ssty. Maza shida marasa haihuwa ba su da shi, XX ne. Mata shida masu haihuwa ba su da shi. Juyoyi shida suna da shi, XY ne. Ko ɗaya bai kauce ba. Aka bi sawun kyautar ta imel har zuwa ɗakin binciken da irin ya fito, suka amsa cewa lallai suna riƙe da wannan layin, kuma mazan da aka bayar daga cikinsa suke.

Rashin haihuwar ma yana da bayani. Namiji mai XX yana da maraina da sinadarin namiji, shi ya sa yake barbara. Amma ƙwayoyin da za su zama maniyyi ba sa rayuwa da X biyu a cikin maraina, sukan mutu jim kaɗan bayan haihuwa, ga shi kuma ba shi da sauran ƙwayoyin gadon Y da aikin ke buƙata, irin su Eif2s3y. Mace mai XY tana asarar ƙwai da yawa tun tana tayi, waɗanda suka rage kuma ba kasafai suke kai ciki ga haihuwa ba. A wasu irin ɓeraye takan ɗan haihu kaɗan, a C57BL/6 kuwa kusan ba ta yi sam.

## Nuwamba zuwa Mayu: gyara

Hanya mafi sauri da aka fara kawowa ita ce a ci gaba da kiwon yadda yake, dattijon ya riƙa shafa mara yana ware maza masu cikakken maraina, a yi binciken da su. An ƙi wannan saboda dalili biyu. Na ɗaya, rabin mazan da za a yaye asara ne, ga matan da ba a iya gane XY ɗinsu da ido. Na biyu ya fi nauyi: ko namijin da ke haihuwa a wannan layi ba daidai yake da C57BL/6 na asali ba. Dashen da ke jikinsa kwafin Sry ne fiye da goma, kuma a 2024 aka gano cewa a reshen C57BL/6 na wannan layi wani guntun X ya liƙe a kan Y ɗin, da ƙwayoyin gado tara a ciki, har da Tlr7 mai aiki a garkuwar jiki. Duk wanda zai karanta sakamakon ɗalibar yana da ikon tambayar ko daga nan bambancin ya fito.

Hanyar da aka bi ta dogara da abu guda: mace XX a wannan layi tsarkakakkiya ce. Ba ta da gutsurarren Y, kuma da tana da dashen da namiji za ta fito. Aka zaɓi 'yan mata daga haihuwar baya-bayan nan, aka gwada su da Ssty, aka ware 10 da ba su da shi. Aka samo maza biyu na C57BL/6 daga wata cibiya dabam, aka killace su mako biyu. A nan ma akwai tarko, domin namiji na asali da namiji mai dashe duk za su nuna Sry da Ssty tare. Saboda haka ta 'ya'yansu aka gwada su. A haihuwar farko an duba jarirai 31. Duk mazan suna da Ssty, duk matan ba su da shi. Da uban mai dashe ne, da kusan rabinsu sun saɓa.

A Maris aka haɗa keji 20 daga wannan sabon zubi, a ɗakin ciki mai sanyi. Keji 18 suka haihu. Zuwa ƙarshen Mayu ɗalibar ta samu mazanta 60, tazarar haihuwarsu ba ta wuce kwana goma ba, kusan shekara guda bayan lokacin da ta tsara tun farko.

## Abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba

Sanyaya ɗakin ba asara ba ne. Bai taɓa ainihin matsalar ba, amma ba don shi ba da keji 18 ɗin ƙarshe ba su yaye abin da suka yaye a tsakiyar bazara ba. Canjin abinci kuwa kuɗi ne da wata guda da aka zubar, kuma tun a lokacin ana iya gane haka, tun da masu haihuwa daga buhu ɗaya suke ci. Kuskure mafi tsada shi ne jinkirta musayar maza da mata. Gwaji ne da ba ya cin komai sai 'yan fararen ɓeraye da mako shida, kuma da an yi shi a Afrilu da an ga rabi-da-rabin nan wata biyu kafin lokacin da aka gan shi. An jinkirta ne saboda zafi bayani ne da kowa ya sani kuma kowa ke ji a jikinsa, sannan mutumin da ya fi kowa sanin ɓerayen a lokacin ana kallonsa a matsayin wanda ake tuhuma, ba wanda za a tambaya ba.

Gwajin Sry shi ne ya fi haɗari, domin ya zo da kamannin tabbas. Sry yana faɗin dalilin da ya sa ɓera ya zama namiji, kuma ido ma ya riga ya faɗi wane ne namiji. Tambayar da ake da ita ta kuromosom ce, amsarta kuwa sai da alamar da ba ta da hannu a tsara jinsi. Da an haɗa alamomin biyu tun a Agusta, ƙarin kuɗin kaɗan ne. Kuma da binciken ya ci gaba ba a gano ba, da maza XX sun shiga cikin rukunonin gwaji ba tsari. An nuna a 2012, da wannan layin dai, cewa ɓeraye masu XX sun fi masu XY tara kitse bayan an cire musu maraina ko jakar ƙwai, wato ainihin abin da ɗalibar ke shirin aunawa.

Tushen abin duka takardar jikin akwati ce. Wanda ya fara ba da kyautar ya san abin da ke hannunsa, bayanin ne ya zube a hanya tsakanin hannu na biyu da na uku. Yanzu wurin ba ya karɓar ɓera sai da sunan layi cikakke da inda ya fito, kuma sabon namiji ba ya shiga kiwo sai an gwada 'ya'yansa na fari. Tsohon layin ba a kashe shi duka ba. An bar keji huɗu a kanta dabam da jan kati, saboda malamar ilimin gado tana son ɗalibanta su riƙa ganin gida huɗun da idonsu. Dattijon yana ware mazan da yatsa a mako na shida, matan kuma sai an tara kunnuwa sun kai ashirin ake kai su gwaji sau ɗaya, don rage kuɗi.